Littafin gyaran faifan SSD uku na gidanmu

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafin ne saboda na kama kaina da laifi. Shekara biyar ke nan da na cire tsohon faifai mai juyawa daga kwamfutar tebur na sa mata SSD, wato faifan ajiya marar juyawa, amma sai yau na lura cewa manhajar difrag, mai tattaro gutsattsarin fayiloli wuri ɗaya, da na girka tun zamanin wancan faifan tana nan daram, tana aikinta kowace Lahadi da dare. Ban taɓa kashe jadawalinta ba. In za a faɗi gaskiya ma, ban so in kashe ba. Ina jin daɗin kallon ƙananan murabba'ai jajaye suna rikiɗewa zuwa shuɗaye ɗaya bayan ɗaya, sai in ji kamar na yi wa kwamfutar wanka. Sabo turken wawa.

Kwamfuta uku ce a gidan. Akwai ta tebur, tsohuwa tukuf, mai Windows 10 da SSD mai GB 240 na SATA, wato tsohuwar hanyar jona faifai da kwamfuta. Akwai laftof ɗin mai ɗakina, da faifan NVMe (sabon nau'in SSD mai sauri) mai GB 500, wadda kullum ake ƙorafin ta yi nauyi. Sai laftof ɗin ƙanwata da ke zaune tare da mu, na sa mata Linux da SSD na SATA mai GB 256. Niyyata in bi su ɗaya bayan ɗaya, in rubuta abin da na tarar kafin in taɓa komai, saboda in san ko gyaran ya yi amfani ko dai zuciyata ce kawai ta yi sanyi.

Aikin yau guda ɗaya: na cire waccan manhajar gaba ɗaya.

Lahadi, 5 ga Janairu

Daren farko ba difrag. Na zauna na rubuta wa kaina dalili, don kada hannu ya sake yi mini ƙaiƙayi.

A faifai mai juyawa, bayanai suna kwance ne a kan faranti da ke zagayawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, ga kuma allura a bakin hannu tana kai da komo tana karantawa. Idan fayil ya tarwatse gida ɗari, dole allurar ta yi tafiya ɗari, kowace tafiya kuma sai ta jira faranti ya juyo da wurin da take nema. Kowane irin wannan jira yana cin kusan kashi goma cikin dubu na daƙiƙa. A ido ba komai ba ne, amma a tara dubbai a gani. Difrag yana tattaro gutsattsarin ya jera su a layi ɗaya, allura ta kwashe su a zagaye guda. Wannan aiki ne mai ma'ana, kuma har gobe yana da ma'ana a irin wancan faifan.

SSD ba faranti, ba allura. Ƙwayoyin ajiya ne na lantarki da ake kira NAND, kuma isa ga kowace ƙwaya yana ɗaukar lokaci kusan iri ɗaya, ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa nesa ba kusa ba. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne taswirar da nake kallo shekara biyar ba taswirar faifan ba ce. Lambobin wuri da Windows ke gani sunaye ne kawai. A cikin SSD akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai sarrafa shi, tana riƙe da nata kundin da ke cewa lamba kaza tana ƙwaya kaza, kuma da gangan take warwatsa rubutu ko'ina don kada wani yanki ya riga sauran tsufa. Fayil ɗin da na gani a jere, shuɗi tsaf, a zahiri yana iya kasancewa a baje cikin guntayen NAND daban-daban. Hakan ma ya fi masa sauri, tunda ana karanto su a lokaci guda. Ke nan na yi ta jera sunaye a takarda, mutanen kuwa suna zaune inda suka ga dama.

Kuma jerawar ba kyauta ba ce. Kowace ƙwaya tana da iyakar yawan gogewa da sake rubutu da za ta iya ɗauka. Duk gutsuren da manhajar ta matsar, rubutu ne sabo.

Laraba, 8 ga Janairu

Da zafina na shiga Optimize Drives, manhajar difrag ta Windows, a kwamfutoci biyun masu Windows na kashe jadawalin mako-mako. Tunda difrag ba shi da amfani, me zai sa in bar na Windows yana gudana?

Asabar, 11 ga Janairu

Na mayar da abin da na kashe ranar Laraba. Saura ƙiris garin neman gira in rasa ido.

Abin da ban fahimta ba shi ne, tun daga Windows 8 aka sauya wa wannan manhaja suna daga Disk Defragmenter, kuma ba sunan kaɗai aka sauya ba. Tana duba irin faifan tukuna. In mai juyawa ne ta yi difrag. In SSD ne, babban aikinta na mako shi ne sake aika umarnin TRIM.

TRIM ɗin nan shi ne kulawar da SSD ke buƙata da gaske, don haka bari in tsaya a kansa. NAND yana karɓar rubutu shafi-shafi, kowane shafi 'yan kilobait ne, amma ba ya gogewa sai gungu guda, wanda ya ƙunshi shafuka masu yawa. Kuma ba a rubutu a kan shafin da ke da rubutu sai an goge gungun duka. To idan ka share fayil, Windows yana cire sunansa ne kawai daga kundinsa. Faifan bai san an yi ba. A wurinsa waɗannan shafukan kaya ne masu daraja, don haka duk lokacin da zai share gungu ya samar da fili, sai ya kwashe su ya kai wani wuri, yana dakon shara yana zaton dukiya ce. Wannan dakon yana rage sauri, yana kuma ƙara yawan rubutun da ƙwayoyin ke sha fiye da abin da kai ka aika. TRIM saƙo ne da ke ce wa faifan: waɗannan lambobin ba kowa a cikinsu, kada ka wahalar da kanka. Windows 7, wanda ya fito a 2009, shi ya fara aika shi a duk lokacin da aka share fayil. Sai dai idan aiki ya yi yawa wasu saƙonnin kan faɗi a hanya, shi ya sa ake maimaitawa duk mako a kan dukkan filin da ba kowa.

Na buɗe tagar umarni a matsayin mai gudanarwa na rubuta `fsutil behavior query DisableDeleteNotify`. Duka biyun sun ba ni 0. Tambayar a juye take, sifili na nufin TRIM yana aiki. Sannan na yi `defrag C: /L` da hannu, wanda TRIM kaɗai yake aikawa, ya gama cikin 'yan daƙiƙu.

Wani abu ya ɗaure mini kai. A cikin Event Viewer, kundin ayyukan Windows, na laftof ɗin mai ɗakina na ga layukan da ke cewa an kammala difrag a C:, kusan sau ɗaya a wata. Ashe da gangan ne. A 2014 Scott Hanselman na Microsoft ya wallafa bayanin da ya samo daga masu kula da wannan ɓangaren: idan System Restore, mai ɗaukar hoton yanayin tsarin don a iya komawa gare shi, yana kunne, Windows yakan yi wa SSD difrag kamar sau ɗaya a wata, domin tarwatsewa mai yawa tana rage saurin hotunan da System Restore ke ɗauka, kuma NTFS, tsarin fayilolin Windows, yana da iyakar yawan gutsuren da fayil ɗaya zai iya kasuwa. Wato tarwatsewa ba ta dami faifan ba, amma tana iya damun kundin da ke bin sawunta. Sau ɗaya a wata da lissafi daban, kowace Lahadi da ganganci daban. An taɓa samun tangarɗa a sigar Windows 10 ta 2004, wadda ta fito a 2020, inda manhajar ke manta ranar da ta yi aiki na ƙarshe, amma an gyara a cikin shekarar. Ina jin daga irin wannan ne shawarar "kashe jadawalin" ta samo ƙarfi, ta kuma ƙi mutuwa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ranar awo. Na karanta bayanan SMART, wato rahoton lafiyar da faifai ke bayarwa da kansa, na duka ukun, CrystalDiskInfo a Windows, `smartctl -a` a Linux.

Laftof ɗin mai ɗakina ya nuna Data Units Written, wato ƙirgen abin da aka rubuta wa faifan, miliyan 41.3. A NVMe kowace ɗaya bait 512,000 ce, ke nan wajen terabait 21 cikin shekara huɗu, kimanin GB 14 a rana. Takardar faifan ta ce an lamunce masa terabait 300. A wannan tafiyar sai ya ƙara fiye da shekara hamsin kafin ya kai. Madannai da batir da allon duk za su riga shi.

Ta tebur ce ta ba ni labari. Ba a amfani da ita ko rabin yadda ake amfani da laftof, amma ta rubuta terabait 38, alhali 80 aka lamunce wa faifanta. Ba zan ɗora wa difrag duka ba, amma in ba ƙira, me ya ci gawayi? Lahadi wajen 260 ba wasa ba ce. Kuma wannan lambar tana ƙirga abin da kwamfuta ta aika ne kawai, ban da kwashe-kwashen da faifan ke yi a cikinsa.

Duk da haka ban firgita ba. Lambar lamuni iyakar garanti ce, ba ranar mutuwa ba. Tsakanin 2013 da 2015 shafin The Tech Report ya ɗauki SSD shida ya yi ta zuba musu rubutu ba tsayawa har suka mutu. Duka sun haura terabait 700, na ƙarshen ya wuce fetabait 2. Faifan wancan zamanin ne, yawancinsu masu bit biyu a ƙwaya, na yanzu kuwa uku ko huɗu suke cusawa, juriyarsu ta ragu. Amma dai ya nuna tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta a kwali da abin da ƙarfen ke iyawa. Ɓarnar da na yi ta gaske ce, sai dai ba ta kisa ba ce.

Ta ƙanwata terabait 6. Ba abin cewa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau na zauna da laftof ɗin da ake kuka da shi. Mai ɗakina ta ce, "Ka yi masa wannan abin naka na murabba'ai mana, ko zai saki." Na ce ai na tuba. Ta yi dariya ta ce to Allah ya sa tuban ya ɗore.

Ciwon a fili yake: saura GB 17 cikin 465 da Windows ke gani. Na gwada kwafa masa fayil ɗin bidiyo mai GB 10. Ya fara da gudu, bayan 'yan daƙiƙu sai layin ya faɗo ƙasa warwas ya ci gaba da rarrafe.

Dalilin yana cikin dabarar da yawancin faifan yanzu ke yi. Rubuta bit uku a ƙwaya ɗaya aiki ne mai ɗaukar lokaci, don haka faifan yakan ari wani yanki na filin da ba kowa ya riƙa rubuta bit ɗaya-ɗaya a ciki da sauri, daga baya in ya sami sarari ya kwashe ya shirya su uku-uku. A faifai da yawa girman wannan zauren saukar baƙi ya dogara ne da yawan filin da ya rage. In faifan ya cika, zauren ya tsuke. Ga kuma share gungu: idan kowane gungu cike yake da kaya masu rai, sai an kwashe da yawa kafin a sami fili kaɗan. Kamar gyara ɗaki ne da kaya har bakin ƙofa, ba inda za ka ajiye kujera kafin ka share ƙarƙashinta.

Mun kwashe bidiyoyi da hotuna na GB 96 zuwa faifan waje, bayan na tabbatar akwai kwafi na biyu a wani wuri. Disk Cleanup ya fitar da GB 11 na tsoffin sabuntawa. Na kunna Storage Sense. Na yi TRIM da hannu, na bar laftof ɗin a kunne ba aiki na awa biyu domin faifan ya yi sharar cikinsa. Ban taɓa pagefile ba, fayil ɗin da Windows ke sauke kaya a ciki in ƙwaƙwalwar aiki ta cika, duk da tsoffin shawarwari da ke cewa a kashe shi don tausayin SSD. Bayan lissafin ranar 19, tausayin ba shi da gurbi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Fili GB 124. Fayil ɗin jiya ya wuce daga farko har ƙarshe ba faɗuwa. Zafin faifan ya kai digiri 68 lokacin kwafin, kusa da inda irinsu ke fara rage gudu don kare kansu, sai na buɗe bayan na hure ƙurar fanka. Ya sauko 59.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na dawo kan tsohuwa. Na buɗe `msinfo32`, na duba inda sashen C: ya fara: bait 32,256. Nan na dafe kai. Wannan lambar ita ce 63 sau 512, wato yankan zamanin Windows XP, wanda ke fara sashe a sekta ta 63. Daga Vista aka koma farawa a bait 1,048,576. Gwajin mai sauƙi ne, ka raba da 4,096. Sabuwar lambar ta ba da 256 cif, tawa ta ba da 7.875. Tarihin ya fito: an yanka sashen a XP, aka ɗora Windows 7 a kansa ba tare da sake yanka ba, aka ɗaga zuwa 10, ni kuma na kwafe shi sekta-sekta zuwa SSD da karkacewarsa da komai. Sakamakon shi ne ƙaramin rubutu na kilobait 4 yana iya hawa kan iyaka biyu, faifan ya yi aiki biyu a madadin ɗaya. Shekara biyar ina goge murabba'ai, ainihin karkatar tana ƙarƙashin ƙafata.

Akwai manhajojin da ke matsar da sashe a inda yake, amma ban yarda in yi wa faifai ɗaya tilo irin wannan tiyata ba. Na ɗauki cikakken hoton faifan zuwa na waje, na gwada buɗe hoton na ga fayiloli suna fitowa, sannan na sake yanka na mayar. GB 150, kusan yini guda. Yanzu 1,048,576.

Tunda ina ciki na leƙa BIOS, saitin da ke tashi kafin Windows, na tarar SATA yana kan tsohon yanayi na IDE maimakon AHCI. AHCI ne ke ba faifai damar karɓar umarni da yawa a jere ya tsara su da kansa. In ka sauya kai tsaye Windows ba zai tashi ba, sai shuɗin allo. Hanyar ita ce ka sa shi ya tashi a Safe Mode, ka sauya a BIOS, ya shiga ya ɗauki direban, sannan ka koma tashi na yau da kullum. Ta yi aiki a karon farko, abin da ba kasafai nake samu ba.

Gudun karanta babban fayil ya tsaya wajen MB 270 a daƙiƙa, kuma ba zai wuce ba, domin babban allon kwamfutar SATA II gare shi. Faifan zai iya kusan 550 a SATA III. Wannan ba ciwo ba ne, tsufa ne. Inda na ji bambanci shi ne buɗe manhajoji.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ta tebur ta daskare sau biyu. Gabana ya faɗi, na ce na lalata wani abu. SMART ya nuna lamba ta 199, kurakuran CRC, ta tashi daga 0 zuwa 14. Wannan lambar hanya take zargi, ba faifai ba. Kebul ɗin SATA ne na sassauta ranar Asabar, ɗan maƙallinsa ya karye. Na sa wani. Lambar ba ta komawa sifili, abin dubawa kawai kada ta ƙaru.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na so in rubuta cewa ta ƙanwata ba ta buƙatar komai, domin `systemctl status fstrim.timer` ya nuna jadawalin TRIM na mako yana aiki tun ranar da na girka tsarin. Sai ga ta da safe ido ya yi ja.

"Yaya, babi na uku na aikina ya ɓace. Na share jakar da nake zaton tsohuwa ce."

"Yaushe?"

"Ran Alhamis ta makon jiya. Na kuma zubar da kwandon shara."

Kwana tara. Na duba, TRIM ya gudana ranar Litinin. Duk da haka na kashe laftof ɗin, na tashe shi daga filasha, na bi faifan da PhotoRec awa uku. Ya tono tarkace iri-iri, babin bai fito ba. A faifai mai juyawa, abin da aka share yakan zauna har sai wani ya hau kansa, wani lokaci watanni. A SSD, da zarar TRIM ya wuce, faifan yakan mayar maka da sifili in ka tambayi wurin, ko da ƙwayoyin ba a kai ga goge su ba. Umarnin da na yi ta yabo ranar 11 ga Janairu shi ne ya rufe ƙofar. A Windows ma abin ya fi sauri, tunda ana aika shi ne a lokacin sharewar.

Allah ya taimaka ta taɓa tura wa malaminta daftarin ta imel makonni uku da suka wuce. Ta rasa gyaran da ta yi bayan nan. Ban yi mata faɗa ba, don laifin nawa ne: na yi mako bakwai ina auna terabait da digiri, ban saka wa ko ɗaya daga cikin kwamfutocin ajiyar kwafi mai tafiya da kanta ba. Kafin dare na saita wa tata kwafin jakar gida kullum, na kunna File History a sauran biyun.

Asabar, 1 ga Maris

Faifan waje da muka zuba wa bidiyoyi SSD ne a cikin akwatin USB. `lsblk --discard` ya nuna masa sifili, wato TRIM ba ya ratsa gadar akwatin. Ba duk akwati ke wucewa da shi ba. Ga faifan da ake zuba wa kaya a ajiye, wannan bai dame ni ba.

Abin da ya dame ni ajiyar ce kanta. Ƙwayar NAND caji take riƙewa, caji kuma yana zurarewa a hankali in ba wuta, zafi yana ƙara masa sauri. Ma'aunin JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin irin waɗannan kaya, na faifan gida ya nemi wanda ya cinye iyakar rubutunsa ya riƙe bayanai shekara ɗaya a digiri 30 ba tare da wuta ba. Sabon faifai yana wuce haka sosai, amma ba zan jefa hotunan iyali a aljihun tebur shekara biyar in dogara da shi ba. Na ciro tsohon faifai mai juyawa, wanda na raina, na duba lafiyarsa na mayar da shi wurin kwafi na biyu. Shi kam Windows zai ci gaba da yi masa difrag, kuma ya dace.

Asabar, 15 ga Maris

Awo na biyu, kwana 55 bayan na farko. Ta tebur ta rubuta GB 480, a cire 150 na mayar da hoto, saura 330, wato GB 6 a rana. Matsakaicin shekaru biyar da suka wuce ya kusa 21. Kurakuran CRC suna nan a 14. Laftof ɗin mai ɗakina ya sauko zuwa fili GB 101, bidiyo sun fara taruwa kuma, na sa wa kaina iyaka: in ya kai 90 za mu sake kwashewa. Na gwada maido da fayil ɗaya daga ajiyar kowace kwamfuta, duka uku sun fito.

Saura abu biyu. Manhajar kamfanin faifan NVMe ta nuna akwai sabuntawar manhajar ciki, ba zan yi ba sai na ɗauki cikakken hoto, laftof kuma yana jone da caja. Na biyu ya fi girma: tallafin Windows 10 zai ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, ta tebur kuma ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ƙanwata ta ce in sa wa ta tebur ɗin Linux, irin nata tsarin. Awo na gaba ranar 14 ga Yuni.